Kwana Arba'in na Sarkin Lambu

Kakana na wajen uwa manomi ne a tsakiyar Accra. Duk baƙon da na gaya wa haka sai ya yi mini kallon mai shara ƙarya, kuma ban ga laifinsa ba, don wanda ya san unguwarmu Maamobi ya san akwai lungunan da ko akuya mai ciki ba ta iya ratsawa, balle a yi zancen gona. Amma in ka fito mahaɗar Kawukudi ka gangara, akwai wani dogon fili siriri a bakin rafi, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, inda hukuma ta hana gini. Nan lambun yake. Latas, kabeji, albasa mai lawashi, alayyafo da ayoyo, kore shar, ga 'yan trotro, ƙananan bas ɗin haya, suna ta ihun neman fasinja a saman titi. Mutum wajen talatin ke noma a wurin, kuma kakana ne sarkin lambu tun kafin a haife ni.

Ba wanda ya san shekarunsa, har shi kansa. A wani ƙaramin gari aka haife shi can arewa, wajen Bawku, inda saurayin da bai iya noman albasa ba sai ya sha wuya kafin a ba shi mata. Yau ya ce maka shekarar da fara ta cinye gero aka haife shi, gobe ya ce shekarar da rijiyar kasuwa ta rufta, in ka matsa masa ya ce ai shi ma ranar hankalinsa ba ya wurin. Ya sauko Accra yana saurayi da tabarma da ƙullin irin albasa a aljihu, ya sami aikin gadi a gidan wani babban ma'aikaci. Mai gadi ba shi da abin yi da rana sai barci, shi kuwa barcin rana ba ya cikin jininsa. Sai ya ari fartanya ya je ya sassabe gefen rafin nan, ya tada fangali biyu, wato ƙasar da ake tarawa a baje ta doguwa kamar gado a yi shuka a kai. Da albasar ta yi, matan kasuwar Nima suka yi masa caa. Bai sake gadin gidan kowa ba.

Wasu suka gani suka biyo baya, Busanga, Mosi, Zabarmawa, Dagomba, Hausawan Sakkwato, kowa da yarensa, Hausa ta haɗa su. Rafi ɗaya, mutane da yawa, kullum sai an yi cacar baki a kan iyaka ko a kan wanda zai fara ɗiban ruwa. Shi ke rabawa, tun yana yi don ya fi kowa daɗewa har wata rana suka ce kawai ya zama sarki a huta. Ba rawani, ba algaita. Wata tsohuwar malafa ce da shi wadda bakinta ya zazzage, ita ce duk kayan sarautar.

Sarautar kuma ba ta tsaya a lambu ba. A unguwa, in damina ta kusa ga gota, wato kwata, ta toshe, shi ke bi gida gida ranar Asabar da safe yana buga ƙofa da sanda, kuma shi ke fara shiga cikin ƙazantar har gwiwa, don haka ba saurayin da ke da bakin kawo uzuri. Famfon da ke bakin masallacinmu, shekara biyu ya yi yana sintiri ofishin hukuma a kansa. Ba ya jin Turanci sai gaisuwa. Sai ya je tun safe ya zauna a benci da carbinsa, ya gaida duk wanda ya gifta, ya koma gida, washegari ya dawo, har ma'aikatan suka gaji da ganin fuskarsa suka sa hannu. Aure in ya tashi mutuwa, gabansa ake kawowa. Ba ya wa'azi. Sai ya zube wa miji da mata kwandon albasa ya ce su yanka masa su biyu, ya tafi harkarsa. Sai ya dawo ya tarar kowa idonsa sharkaf da hawaye, ɗaya yana miƙa wa ɗaya tsumma, sannan ya zauna ya ce to, yanzu kowa ya faɗi nasa.

Ni kuwa matarsa ce, irin auren jika da kaka. Tun ina rarrafe yake kirana amarya, ni kuma ina ce masa tsohon miji. Na girma, na yi aure, na haifi uku, na kafa teburin waakye, shinkafa da waken nan namu, a bakin mahaɗar Kawukudi, bai fasa ba. Kullum da hantsi zai biyo da latas ɗin da nake yankawa a gefen abinci, ya dire kwandon ya ce, “Amarya, ga cefane. Wancan ɗan saurayin da kika bi, me ya kawo miki yau?” In ce, “Shi aƙalla yana da haƙora.” Ya ƙyalƙyale da dariya har ya nuna mini guda huɗun da suka rage. Ina son tsohon nan ƙwarai, amma ban taɓa iya faɗa masa ba, don tsakanina da shi tsiya ce kawai ke da hanya.

Lambun yana da doka ɗaya da ta fi sauran nauyi, kuma Kaka ne ya kafa ta. Ƙasar ta hukuma ce, ba mai takarda, ba mai gado. Saboda haka ya ce fangali na wanda ke ba shi ruwa da hannunsa ne. Duk wanda ya yi kwana arba'in bai zuba ruwa da kansa ba, fangalinsa ya fita hannunsa, a ba na gaba cikin masu jira, masu jiran kuwa ba sa ƙarewa. Ruwan ɗa ba ya tsaya wa uba, na ɗan ƙodago ba ya tsaya wa mai gida. Ya yi haka ne saboda masu hali, waɗanda suka so su kama fili su zuba ma'aikata su koma shago suna jiran amfani. Wani Alhaji mai goro ya gwada, ya rasa fangali takwas rana ɗaya. Kawuna, ɗan Kaka na cikinsa, ya sami aiki a tashar jirgin ruwa ta Tema ya bar nasa a hannun abokinsa, ran kwana na arba'in da ɗaya uban ya raba su ga wasu, suka yi wata uku ba sa ga-maciji. Shi kansa Kaka da ya je Makka ba abin da ya dame shi irin jirgin dawowa. Ya sauka ran kwana talatin da shida, ya zarce lambu da kayan Hajji a jikinsa, mu kuwa muna gida da abinci da 'yan tarba muna ta leƙen hanya.

Shekarar da abin da zan faɗa ya faru, ya riga ya tsufa tukuf, amma yana ɗaukar gwangwanin ban ruwa biyu, ɗaya a kowane hannu, daga rafi zuwa fangalinsa goma sha biyu, safe da yamma. Mun yi masa magana ya huta har mun gaji. Wata safiya katakon da ake takawa a gangara rafi ya yi santsi, ƙafa ta kwashe masa, ya faɗi a kan ƙugu. A asibiti suka ce ƙashin cinya ya tsage, sai ya yi wata uku a kwance. Da aka dawo da shi gida aka shimfiɗe shi a ɗakinsa, abin da ya fara tambaya shi ne yau wace rana. Uwata ta ce Talata. Ya ce, “To, ɗaya.”

Duk mun gane abin da yake ƙirgawa, kuma ba sai an je makaranta ba kafin a san wata uku ya fi kwana arba'in. Ni dai na san abin da sauran ba su so su furta: ranar da aka raba fangalin nan, mu fara neman likkafani. Kakata ta daɗe da rasuwa, sa'o'insa duk sun tafi, lambun nan ne kaɗai ke tada shi da safe.

Sai na je wajen wakilinsa, wani dattijo Bazabarme, dogo kamar falwaya, wanda suka yi shekaru aru-aru suna noma gefe da gefe. Hausarsa irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji. Na ce masa zan riƙa zuwa ina ba fangalin Kaka ruwa kafin in fitar da tukunya, shi kuma ya toshe bakin mutanen lambu. Tunanina shi ne, in shuka ta bushe masu jira za su nuna da yatsa, in kuwa tana nan kore ba wanda zai iya buɗa baki, wakili ya yi shiru da zancen rabo, Kaka ya warke ya tarar da komai yadda ya bari, ya yi faɗansa na kwana biyu ya haƙura. Wakili ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai? Ka taɓa ɗauka gwangwani koraa?” Wato ko sau ɗaya. Na ce ban taɓa ba. Ya ce, “Yoo, shi ke nan. Zo gobe. Amma in Sarki ya ji, ni ban san ka ba.”

Ranar farko na gane tsohon nan ba mutum ba ne irinmu. Gwangwani ɗaya na cika na ɗaga, na ji bayana ya ce ƙas. Rabin ruwan a zanina ya ƙare, silifas ɗina ɗaya laka ta haɗiye shi, manoman nan kuwa kowa ya sunkuyar da kai wai yana cire ciyawa, kafaɗunsu suna rawa don dariya. Na makara da waakye har direbobin da ke karyawa a wurina suka fara tambaya ko na yi sabon aure ne. Amma ban yi mako ba na lura da wani abu. Sai in zo in tarar da fangali uku ko huɗu a jiƙe. Washegari shida. Ashe kowa in ya ɗebo ruwa zai wuce ta wajen na Sarki, sai hannunsa ya karkace wai cikin kuskure, ya wuce yana kallon sama. Ba wanda ya gaya wa wani. Latas ɗin Kaka bai taɓa shan ruwa irin na wannan watan ba, har sai da wakili ya yi gyaran murya ya ce masu kuskure su rage, kada saiwa ta ruɓe.

Ni na ɓata komai da hannuna. Wajen kwana na ashirin da biyar Kaka ya daina cin abincin kirki. Tuwon zafi, ya ture. Koko, ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Sai na tuna yana son kwaɗon latas da ƙuli-ƙuli, kuma don wauta, maimakon in karɓa a wajen kowane manomi, sai na je na zaɓi wanda ya fi kyau a duk lambun, wato nasa. Na wanke, na haɗa, na kai masa ina ta yanga. Ya ɗauki ganye ɗaya, ya juya shi, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Latas ɗinsa wani iri ne mai ja-ja a bakin ganye, shi ke ajiye irinsa shekara da shekaru, ba mai shi sai shi. Wannan duk na sani, na manta ne kawai.

“Na fangali na uku ne daga bakin rafi,” in ji shi. “Na bar shi da kunne huɗu. Latas ba ya kwana uku ba ruwa a wannan zafin. Wa ya ba shi?”

Na ce, “Ruwan sama.”

“A wannan watan? Kawo hannunki.”

Na miƙa. Tafina duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Ya riƙe hannun ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo kwanon ya cinye kwaɗon tas, ya lashe yatsa, ya ce ƙulin ya yi yawa, ya ce in kira masa wakili da dattawan lambu.

Suka zo bayan la'asar su bakwai, suka cika ɗakin, ni ina bakin ƙofa. Wakili bai tsaya ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, “Sarki, mun yi shawara. Ciwo ba tafiya ba ne. Mutum ya faɗi a bakin aiki, ba Tema ya je ba. Mun yarda duka, kwanan ciwo ba a ƙirga shi.” Sauran suka ce haka ne, haka ne.

Kaka ya ce, “Kun tuna tsohon Bamoshen nan mai fangali biyar kusa da gada? Wanda ciwon ƙirji ya kwantar?” “Wata biyu ya yi. Da ya tashi ya zo ya tarar na raba nasa. Ya tsaya gabana yana kuka da gemunsa, na ce masa doka ce. Ku duka kuna wurin, ba wanda ya ce ciwo ba tafiya ba ne. Bai shekara ba ya rasu. Yau da ta zo kaina za a gyara? In na haɗu da shi gobe kiyama, me zan ce masa? Ruwan da kuka zuba na gode, Allah ya saka. Amma ba hannuna ba ne. Yau ashirin da biyar.”

Suka fita jiki a sanyaye. Ni kuwa raina ya ɓaci, na shiga na yi masa abin da ban taɓa yi ba, faɗa na gaske wanda ba wasa a ciki. Na ce ya fi son dokarsa da mu, na ce taurin kai ne ba tsoron Allah ba, na ce in ya kashe kansa da baƙin ciki kada ya sa ran zan yi masa takaba. Ya bar ni na gama sannan ya ce, “Na ji. Ki shafa man kaɗanya a hannun.”

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. Ban daina zuwa lambu ba, manoma ma ba su daina kuskurensu ba, amma yanzu kowa ya san banza ce. Kaka ya juya fuska bango, carbi a hannu. Masu kawo ƙara suka zo, ya ce su je wajen liman. Ran kwana na talatin da huɗu na shiga gaishe shi, ya ce, “Sannu, jikata.” Tun da nake a duniya bai taɓa kirana haka ba. Na fito na jingina da bango, don na ji tsoro sosai.

Ran talatin da tara wakili ya zo teburina, abin da ba ya yi. Ya sa na zuba masa waakye da shito, baƙin yajin nan, mai yawa, ya ci rabi, sannan ya ce, “Na kwana biyu ina juya dokan nan. Ya ce mutum ya zuba ruwa da hannunsa. Bai ce ya zo da ƙafansa ba. Bai ce shi ne zai ɗebo a rafi ba.” Na saki ludayi. Ya ce, “In mun ɗauke shi fa? Fangali sha biyu, kowane ya ɗan zuba kaɗan. Kwana arba'in ya koma farko.” Na ruga wajen wata maƙwabciyarmu nas, ta ce in dai a kwance zai tafi a kan abu mai tauri, ba a lanƙwasa ƙafar ba, kuma ba a yi gudu da shi ba, ba laifi. Muka shiga ni da wakili muka gaya wa Kaka. Sai ya ce, “A goge mini farar rigata.”

Washegari da hantsi aka aro dogon bencin masallaci, aka shimfiɗa bargo, aka kwantar da shi da farar riga da farar hula. Mun yi hayar aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, amma ba ta shiga lungunmu, sai a bakin titi. Don haka ƙarti huɗu suka saɓa bencin a kafaɗa, wakili a gaba, dattawa a baya, kowa ya nutsu don kada a girgiza shi, shi kuma ya rufe ido saboda zafin ƙafa. Ba wanda ya yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai kallo. Muna fitowa bakin lungu mai koko ta hango fari a kan kafaɗun maza, ta saki ƙwarya ta ɗora hannu a ka ta ƙwala salati. Kafin ka ce me, mata sun fito daga kowane gida suna kuka, mai aski ya bar kan mutum rabi ya biyo, wani tsoho ya fara yabon halin marigayi da ƙarfi. Sai Kaka ya ɗago kai daga bencin ya ce, “Wa ya rasu? Ku gaya mini in je gaisuwa.”

Ban taɓa jin kuka ya rikiɗe ya zama guɗa nan take irin na ranar ba. Mai koko ta zauna a ƙasa tana dariya tana zaginsa. Kuma tun da an riga an fito, ba wanda ya koma. Aka ɗora bencin a aboboya, direba ya ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, jama'a suka bi a ƙafa. A mahaɗar Kawukudi wani kwandastan trotro ya diro ya tsaya tsakiyar titi ya tare motoci da hannu biyu har muka wuce, direbobi suna ta oda ba su san ko biki ba ne ko zanga-zanga. Kaka kuwa yana kwance yana ɗaga wa mutane hannu, bakinsa har kunne.

A lambu manoma sun jeru suna jira. Aka sauke bencin a gefen fangali na farko, dab da shuka. Gwangwani ya fi ƙarfin mai kwance, sai wani ya ruga inda suke salla ya kawo buta. Aka cika aka ba shi. Ya karkata, ya miƙa hannu, ruwa ya zubo siriri a kan latas. Wuri ya ɗauki kabbara da tafi. Wakili ya ce, “Ku ɗauka! Na biyu!”

Kaka ya ce, “Ku ajiye ni. A ƙara ruwa.”

Aka cika butar, ya zuba a fangalin nan dai. Ya ce a matsa da bencin gaba kaɗan, a ƙara. Aka matsa, aka ƙara. Tun ana tafi har aka daina. Buta bayan buta, daga wannan kai zuwa wancan, gumi ya jiƙa farar rigar, bai bar tushe ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya sa yatsa a ƙasar ya ji ta sha yadda yake so, sai ya miƙa butar ya kwanta yana haki.

“Kun gani,” in ji shi. “Abin da hannuna zai iya ke nan yanzu, fangali ɗaya. In na bi sha biyu ina ɗiga musu ruwa kamar mai sa magani a ido, wa na yaudara? Ko ƙafar ta warke, na san gwangwani biyu sun fi ƙarfina, tun bara na sani. Wannan nawa ne, na ba shi ruwa. Wakili, sha ɗayan nan, wa ke gaba?”

Na buɗe baki zan yi magana, uwata ta danƙe mini hannu. Nan a kwance a kan bencin masallaci ya raba su. Wata mata Badagomba da ta yi shekaru tana dako a kasuwa tana jiran fili ta sami uku, wasu 'yan'uwa biyu daga unguwar Old Fadama da suka gaji da sana'ar ƙarafa suka sami huɗu, sauran aka ba na bayansu. Matar ta durƙusa tana kuka. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ta gaya mata wane gefe ne ke riƙe ruwa, kuma kada ta kuskura ta maimaita kabeji sau biyu a wuri ɗaya. Da aka gama ya ce wa dattawan, “To, yanzu nawa ya fita. Ku zauna ku gyara dokar. Daga yau mai ciwo ba a ƙirga masa kwana. Da tuni ya kamata, ni ne ban gani ba.”

Sannan ya juyo da kai yana nemana cikin mutane. “Amarya! Mijinki ya talauce, fangali ɗaya ya rage. Za ki zauna ko takardarki kike so?” Na ce, “In tafi in bar wa wa wannan jarabar?” Majina da hawaye duk sun haɗe, mutane suna ta yi mana dariya. A ranar da yamma ya cinye malmala biyu ta tuwo, ya aika a gaya wa masu ƙarar da ya kora su dawo.

Har ƙafar ta warke, duk Juma'a sai an ɗauke shi an kai shi, manoma suna rububin kama benci. Daga baya ya koma tafiya da sanda, a hankali, yana tsayawa kowane shago a gaisa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai ta ci masa rabin safiya. Damina shida ya ƙara yi a duniya. Fangalin nan ɗaya ya zama abin kallo, don duk kulawar da da ake raba wa sha biyu yanzu shi kaɗai ke sha, kowane tushe ya san shi. Latas ɗin ba ya isar teburina, kai uku ko huɗu yake kawowa, amma sai ya dire su da fankama ya tsaya sai na yaba. In ya gama nasa ban ruwan, ya zauna a inuwa da malafarsa yana yi wa kowa gyara, har da waɗanda ba su tambaya ba. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na shekarun nan ba.

Wata Alhamis ya dawo daga lambu da hantsi, ya zauna a ƙofar gida ya ce a ba shi ruwa ya sha. Kafin uwata ta fito da kofi ya jingina da bango ya cika. Aka yi masa sutura, bayan azahar maza suka tafi da shi, jama'ar da ta bi shi ta yi yawa har titi ya toshe. Mu mata muka zauna karɓar gaisuwa, gida ya cika maƙil, kowa da labarin abin da ya taɓa yi masa, ana kuka ana dariya. Wajen la'asar na ji numfashina ya ƙi, na ja mayafi na zame ta ƙofar baya, ban tsaya ko'ina ba sai lambu. Ba kowa, duk suna maƙabarta. Na tsuguna a gefen fangalinsa na tura yatsa cikin ƙasar. Da sauran danshi.